Matar da Ta Saurari Ginshiƙi da Haƙoranta

Orsame matar wana ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana sauraron ginshiƙi na sha tara, wanda unguwarmu ta Majema take zaune a kansa. Tun da ta rasu ban ji wanda ya ambaci sunanta a cikin jama'a ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani kafin ni ma in bi ta.

Duk wanda aka haifa a Kasmurin ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Gishiri kakanninmu suka tarar a nan, suka kafa gari a kansa, suka yi ta haƙa suna sayarwa, har garin ya zama babban birnin ƙasar Adural, har kantun gishiri mai tambarin sarkinmu Mai Tudu ya zama kuɗin da ake karɓa daga nan zuwa bakin teku. Suna haƙa suna barin ginshiƙai su riƙe garin. Fadar Mai Tudu ce kaɗai a kan dutse na gaske. Mu saura a kan rami muke kwana. A zamanin kakana unguwar Masaƙa ta nutse da hantsi, da mutanenta da jakunanta, inda tafkin nan yake yanzu wanda ba a kamun kifi a cikinsa. Waɗanda suka tsira suka ce ginshiƙinta ya yi wata uku yana magana, ba wanda ya kula.

Daga nan aka naɗa masu sauraro, kowane ginshiƙi da nasa. Da gari ya waye sukan sauka ta Bakin Ƙasa, ƙofar mahaƙar, kowa ya ɗora kunne a jikin nasa. Mu kuma a sama mu yi tsit. Ba daka, ba faskare, ba a kwance jaki, uwa ta ba jariri nono ko ba ya jin yunwa. Sai an ɗaga farin ƙyalle a hasumiyar Bakin Ƙasa sannan ka ji turame sun tashi ko'ina, maƙwabci ya leƙo ya ce, "Ƙasa ta kwana?" ka ce, "Ta kwana." Kuma dole mai sauraro ya zauna da iyalinsa a gidan da ke daidai kan ginshiƙinsa, don kada ya yi wasa da aikin.

A wannan gida muka zauna tare. Ita da wana Delko a ɗakin gabas, ni da matata Nelu a na yamma. Ni ɗan dako ne, kantu nake ɗauka daga Bakin Ƙasa zuwa kasuwar ayari. Delko mahaƙi ne, ciwon tarin da ƙurar gishiri ke sawa ya kashe shi yana da sauran ƙarfinsa. Orsame gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa. Ta gaji aikin wajen ubanta. In ta fito daga ƙasa sai ta rama duk shirun da ta yi, ana jin muryarta daga ramukan jima. Ba ta da abin so kamar gasasshen kifi da tsami, kuma ita take gasa abinta, ta ce Nelu tana ƙona shi kamar mai jin haushin kifin. Ni kuwa ba ta taɓa kirana da sunana Bantir ba, sai ƙanen miji, ko maigida ƙarami in tana son aike.

Wata rana da la'asar tana zaune tana gyaran kifi, ta ba mu baya, tulu ya suɓuce wa Nelu ya fashe a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse. Orsame ba ta ko motsa ba. Nelu tana ta kanta da tsintar fasassun tulu, ba ta lura ba, amma ni na gani. Da ta shiga ɗaki na matsa bayan Orsame na ce kyanwa ta ɗauke mata kifi. Shiru. Na sake faɗa da ƙarfi. Sai da inuwata ta faɗa kan kwanonta sannan ta waiwayo, kuma bakina ta kalla, ba idona ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yaushe me, ƙanen miji? Ka tsaya mini a ka kamar mai jiran rabo."

Na nuna kunnena. Ta ɗauraye hannu ta ce shekara biyu ke nan. Na hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Na zauna a ƙasa. Shekara biyu muna cewa ƙasa ta kwana, gida ɗari da sittin.

Ta ce in daina rawar jiki in zo in gani. Ta ɗauki tsinken ƙarfen da take gasa kifi da shi, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ta kafa bakinsa a kan dutsen niƙa, ta ce in ciji ɗaya bakin in toshe kunnuwana. Na ciza. Ta ja farcenta a jikin dutsen a hankali. Na ji shi a tsakiyar kaina, kamar ana jan gungume. Ta ce haka take yi kullum, a hannun riga take ɓoye shi. Ta ce abin da haƙori ke ji kunne bai taɓa jin rabinsa ba, ta fi sanin ginshiƙinta yanzu fiye da lokacin da take da ji.

Wannan ya fi kurumtar ba ni tsoro. Gishirin ginshiƙi shi ne mafi fari a duk ƙasar, kuma a da an sami masu sauraro da suke kankarar nasu suna sayarwa a ɓoye. Tun daga lokacin doka ta ce mai sauraro da kunnensa kaɗai zai sauka. Wanda aka kama da ƙarfe a gindin ginshiƙi, a kai shi Tsohon Haƙa, ramukan da aka daina aiki a cikinsu, a bar shi can ba fitila. A rayuwata kafin nan an saukar da mutum uku. Ba wanda ya fito.

Na ce ta ajiye aikin. Ta ce ta ajiye a ba wa? A ba mai kunne? Ta ce in ina so in kai ta ƙara hanya a buɗe take, amma in bari ta gama cin kifinta.

Ban kai ta ba. Nelu kaɗai na gaya wa, ita ma sai bayan wata guda. Shekara huɗu muka yi da abin a cikinmu. In an ɗaga ƙyalle maƙwabta suna tambayata ko ƙasa ta kwana, sai in amsa, alhali na san duk unguwar nan tsinken gasa kifi ne kunnenta. In Orsame ta makara fitowa sai in kasa barin bakin ƙofa. Ban san wanne na fi tsoro ba, a kama ta ko kuwa a ce ita ce ta yi kuskure.

Ranar da abin ya zo, ta shigo gida ba hayaniya. Nelu ta ajiye mata kunu ba ta taɓa ba. Ta kira mu ta ce, "Ya yi magana." Na tambaye ta yaya maganar take. Ta ce kamar mutum yana tauna yashi cikin barci, ya yi ya daina, ya yi ya daina, daga can ciki wajen sama.

Ta kai labarin ga Hurmagi, shugaban masu sauraro. Dattijo ne dogo, tare suka taso da ita, ubanta ne ya koya masa aiki. Ba a kwashe unguwa sai kunne uku sun yarda, don haka ya tura mutum uku mafi ji. Safiya uku suna sauka, ba su ji komai ba. Kafin nan magana ta bazu. Majemi in aka tashe shi fatunsa da ke jiƙe a rami sun lalace ke nan, aikin shekara ya tafi, saboda haka ba wanda ya so labarin. Gwardo, mai ramukan jima a bayan gidanmu, ya tare ta a ƙofa mutane suna ji.

"Iya Orsame, anya ba cikinki ne ya yi magana ba? Kifi da tsami a wannan shekaru..."

"In cikina ne, Gwardo, da ka riga kowa ji, tun da hancinka ya saba."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma da ta shigo sai ta jawo ni gefe. Ta ce da safen nan maganar ta ƙaru, ba ya ma hutawa sosai.

Na roƙe ta mu kwashe kayanmu mu uku mu koma wajen 'yan'uwan Nelu a unguwar Maƙera, ba sai mun ce komai ba. Ta ce in ƙirga mata yaran da ke wasa a bakin rijiyarmu, in gaya mata wanne za mu bari. Na ce ta san abin da za a yi mata. Ta ce tun ran da ta fara sa shi a hannun riga ta sani.

A safiya ta huɗu na je Bakin Ƙasa da wuri kamar mai jiran kaya. Masu sauraro suka fito ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaga ƙyalle. Hurmagi yana cewa an gama maganar sha tara, sai Orsame ta zaro tsinken ta ajiye a gabansa. Ƙarfen ya yi ƙara a kan dutse. Waɗanda ke kusa da ita suka ja da baya.

"Ƙanwata," in ji Hurmagi, "kin san abin da kika ajiye?"

"Na sani, Yaya. Shekara shida ban ji carar zakara ba. Da wannan nake ji. Ka sauka ka ciza, sannan ka yi da ni abin da doka ta ce."

Hurmagi ya dubi tsinken. Can ya ce a sauke ƙyallen. Ban taɓa ganin an sauke shi bayan an ɗaga ba. Turamen gari suka yi ta mutuwa unguwa bayan unguwa, har tsit ya dawo da hantsi. Ya ɗauki tsinken ya sauka shi kaɗai. Da ya fito leɓensa ya yi fari. Bai gaya wa kowa abin da ya ji ba, ya ce dai a kwashe Majema kafin rana ta faɗi, da bakinsa, kome ya biyo baya nasa ne.

Alƙalan fada suka zauna washegari. Hurmagi ya shaida cewa ya ji. Babbansu ya ce doka kunne ta sani, haƙori na cin abinci ne. Suka yanke cewa a jira kwana arba'in, kamar yadda ake yi in an kwashe unguwa. In ginshiƙin ya faɗi, an yafe mata ƙarfen. In bai faɗi ba, Tsohon Haƙa.

Aka zube mu a Filin Biki bayan ganuwa, inda ake zuwa ɗaurin aure saboda ba a kiɗa a cikin gari. Muka kafa rumfunan zana. Daga nan ana hango rufin gidajenmu. Kowace safiya mutane sukan fito su tsaya suna kallonsu, ni ma ina ciki. Sai dai ba abu ɗaya muke jira ba. Su suna fatan gidajensu su tsaya, kuma sun san abin da hakan yake nufi ga Orsame, shi ya sa ba mai haɗa ido da ni. Ni kuwa, ɗakin da aka haife ni, da kukar da uwata ta shuka, ina kallonsu ina roƙon ƙasa ta haɗiye su. In keken shanu ya wuce ƙasa ta ɗan girgiza sai in waiga, in ga rufin yana nan. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yanzu.

Kwana arba'in suka cika, ko bango bai tsage ba.

An bar ni na gan ta kafin a saukar da ita. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce in daina wannan fuskar, na yi kama da jakin da ruwa ya daka. Sannan ta kama hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Ka san tsohuwar kafar iska a gefen Tafkin Masaƙa, wadda ƙaya ta rufe? Da Tsohon Haƙa take haɗe, babana ya gaya mini. Mutum zai iya fita ta nan da rarrafe, in ya gano ta cikin duhu. Ka ce wa malalaciyar matarka ta kai turminta can ta kafa a kan fa, falalen dutsen nan, ta yi ta daka. In na ciji bango zan ji ta inda yake zuwa. Kada ta daina."

"Sun karɓe tsinken."

"Sun bar mini haƙoran, maigida ƙarami."

Ba mai zuwa gefen tafkin nan. Ƙasar wurin ɓawo ce kawai a kan rami, ana jin ta a tafin ƙafa. Nelu tana kuka ta ɗauki turmi, ni na ɗauki taɓare biyu. Muka sare ƙayar, muka sami kafar, baƙa, iska mai sanyi tana fitowa. Muka kafa turmin a kan fa kusa da ita. Bugun farko da Nelu ta yi, ruwan tafkin ya yi rawa har tsakiya. Ta saki taɓaryar ta ce za mu nutse. Na ɗauka na ci gaba. Can ta share ido ta karɓa.

Doka ba ta hana daka ba in an ɗaga ƙyalle, ko da turmin ba komai a ciki. Muka yi ta yi muna karɓar juna har faɗuwar rana. Mutanen unguwarmu suna komawa gidajensu da kaya a ka, wasu suka tsaya daga nesa suna kallon namiji yana dakan iska. Kowane bugu ina jira in ji fa ya buɗe. Tafukan hannuna suka yi ruwa suka fashe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun safiya, muna zaune da taɓarya a cinya muna jiran ƙyalle, na san tana can ƙasa ta kafa baki a bango ba ta jin komai, wataƙila tana zaton mun gaji mun tafi.

A rana ta biyu matar Gwardo ta zo da taɓaryarta. Ba ta gaishe mu ba. Ta tsaya gaban Nelu suka shiga luguden juna. Da yamma ta koma. Washegari ta dawo.

A rana ta uku bayan azahar na ga yatsu a bakin kafar. Muka jawo ta. Idonta a rufe, ba ta iya buɗewa. Gwiwoyinta sun saɓule. Bakinta kuwa ban so in tuna shi. Kwana uku tana cizon gishirin dutse, kowane taku kaɗan ta tsaya ta ciza. Haƙoran gaba duk sun kakkarye, leɓunan sun tsattsage gishiri ya cinye su. Nelu ta ɗiɗɗiga mata ruwa. Da ta iya magana, abin da ta fara cewa shi ne dakan Nelu ba shi da daɗin ji ko daga ƙasa.

Wanda ƙasa ta mayar ba a sake taɓa shi, haka al'ada take, ko da yake kafin ita ba a taɓa gwadawa ba. Amma an cire sunanta daga cikin masu sauraro, kuma mutane suka daina kiranta, saboda fatun da suka ruɓe da kuma kunya. Aka naɗa wani Simbal, mutumin kirki mai kaifin kunne, aka ba shi ɗakin gabas. Ita ta dawo namu. Na ce yanzu kam ba abin da ya ɗaure mu, mu bar unguwar. Ta ce in mun tafi wa zai ciza?

Ita ta sa na nemo dogon ƙarfe wajen maƙera, na tona tsakar ɗakinmu har na iske dutse, na kafa shi ya zauna daram, kansa ya fito kamu ɗaya. Gidan daidai kan ginshiƙin yake, kuma doka ba ta ce komai a kan ɗakin mutum ba. Haƙoranta ba su sake riƙe komai ba, ko kifi sai an marmasa mata. Don haka ni ne nake durƙusawa a lokacin shiru, in ciza, in gaya mata abin da na ji tana kallon bakina. Ta koya mini bambanta tafiyar ruwa da takun masu sauraro da kuma maganar ginshiƙin kansa. Na ji shi tun safiyar farko, kamar yadda ta ce, mai tauna yashi cikin barci. Hurmagi yakan zo gaisuwa jefi-jefi, ya shiga ɗakin da ƙarfen yake, ya fito. Ya kwashe 'yarsa daga unguwar a shekarar.

Shekara tara ta yi bayan nan. Ta rasu da rani, Hurmagi ya riga ta, Nelu ta bi su bara waccan. Na yi wa Simbal magana sau biyu. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Baba, ni ma a kansa nake kwana da 'ya'yana, da na ji da na faɗa." Na ce ya shigo ya ciza. Ya ce in yi haƙuri, shi mai sauraro ne, ba ya son a ce bakinsa ya taɓa ƙarfe.

Ginshiƙi na sha tara yana nan tsaye. Wataƙila ya kai ni kabari, wataƙila ya kai jikokin Simbal. A da yakan yi ya huta har in ja numfashi goma. Bana in na ja huɗu ya sake. Haƙora biyar suka rage mini, biyu ne kaɗai suke haɗuwa, na sama kuma ya fara motsi. Na daina cin duk abin da ke da tauri. Jiya da aka ɗaga ƙyalle ɗan Gwardo ya leƙo ta katanga, 'yarsa a kafaɗa, ya ce, "Baba Bantir, ƙasa ta kwana?" Na goge tsatsar da ke bakina na ce ta kwana.